Zakin da Kawu Ya Naɗe a Ƙyalle

Jiya a kasuwar Talata Mafara na hangi ɗan zakin ƙarfe, irin na goshin mota, cikin tarkacen 'yan gwangwan. Sai Kawu, tsohon direba, ya faɗo mini a rai. Duk motar da ta mutu a hannunsa, yakan cire tambarinta ya adana a gwangwani mai warin baƙin mai.

Na taɓa tambayarsa dalilin naɗe wani zaki daga cikin tambarin a ƙyalle. Ya goge shi da bakin riga, ya ce, "Motar wanga ta ɗauko uwarka daga Damaga tana naƙuda. Cikinta aka haihe ka."

Da ya rasu, gwangwanin ya ɓace. Na sayi zakin da na hanga jiya, ina ta jujjuya shi, ko shi ne. Allah ya haskaka kabarinka, Kawu.