Tsokar da Ta Rage

Na koyar da kemistiri a wata sakandare ta wajen Mairuwa shekaru masu ɗan dama, amma babu darasin da ya ci mini tuwo a ƙwarya kamar zaman ilektron a cikin atam, wato ƙwayar zarra. Abin ba wuya gare shi ba. Ilektron 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne da ke kewaye da tsakiyar atam, kuma suna da ɗakuna, waɗanda muke zanawa kamar akwatuna a allo. Kowane akwati biyu yake ɗauka. Idan akwatuna uku suka jeru a mataki ɗaya, sai kowanne ya samu ɗaya kafin a dawo a ƙara wa wani na biyu. Shi ke nan fa! Amma in ka ga yadda ɗalibaina ke cusa bibbiyu tun daga akwatin farko, sai ranka ya ɓaci.

A cikinsu har da ɗiyar yayana. Aikin jinya take so, ta zauna jarrabawar kammala sakandare sau ɗaya, kemistiri ya kayar da ita. Mahaifinta ya ce ta sake gwadawa, amma daga wannan babu wani zama.

Littafinmu ya kawo misalin motar haya: wai fasinja kujerar da babu kowa yake nema kafin ya zauna kusa da wani. Da na faɗa, aji ya kwashe da dariya. Wa ya taɓa ganin haka a motar Faskari ranar kasuwa? Gaba mutum biyu, baya kuwa sai direba ya ga ƙofa ta ƙi rufuwa. Na koma misalin shuka, ramuka da iri, nan ma na yi gudun gara na faɗa gidan zago, don mai shuka yana zuba iri ne ya take da diddige ya wuce, ba ya dawowa ramin baya. Na jefar da alli na fita, raina a dagule.

Wata Juma'a ina gidan yayana, na ga matarsa tana raba wa yara naman miya. Kowane kwano tsoka ɗaya, har ta zagaye. Na ƙwala wa ɗiyar yayan nawa kira, na zana akwatuna uku a ƙasa da tsinke, na ce ta raba ilektron uku na ƙarshe na sinadarin naitirojin yadda innarta ke rabo. Nan take ta sa ɗaya-ɗaya.

Ta ce, "Baba, ashe rabon nama ne? Mi ya hana ka hwaɗi haka tun tuni?"

Na ji daɗi ƙwarai. Na so mu ci gaba zuwa oksijin, mai huɗu a akwatuna uku, amma ruwan shuka ya sauka, kowa a gidan ya koma gona, ita ma da su. Ban sake samun ta a zaune ba har jarrabawa ta zo.

Da ta fito na tare ta a bakin makaranta. Ta ce tambayar ta fito, kuma oksijin aka tambaya.

"To, ya kika yi?"

"Na ba kowa guda-guda, guda ta rage."

"Sai kika ƙara wa akwatin farko."

"A'a, Baba. In tsoka ta rage ai ba a ƙara ma wani yaro, rigima za a yi. Aje ta akan yi ma maigida. Sai na rubuta ta can gefe."

Na tsaya ina kallon ta, na rasa inda zan sa kaina don takaici. Da yamma na ba yayana labari, ina huci. Shi kuwa ya yi murmushi, ya ce yarinya ta nuna tarbiyya.

Na san ba tambaya ɗaya ke kayar da mutum ba. Amma da sakamako ya fito, kemistiri kaɗan ya rage ta haye. Na roƙi yayana ya bar ta ta sake zama har na gaji, ya ce magana ɗaya ce.

Yanzu ɗinki take yi a garin Sabuwa. Ranar da na kai matata asibiti, ita ce ta riƙe mana yara a gida.