Tanti Mariama da ledojin da aka lashe

Yau da safe ina shirin shiga kilas ƙanena ya kira ni daga Madarumfa, ya ce Tanti Mariama ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.



Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce majo, shugabar ƙaramin asibitin da na yi shekara guda a ciki kafin in shiga karatun likita.

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na kai dosiyena, wato takardun neman shiga, fakulte ta likita a jami'a, sunaye suka fito babu nawa. Abokaina suka ce in bi su ci-rani Najeriya, har na haɗa jaka. Babana ya kama hannuna kamar ɗan yaye ya kai ni wurin Tanti, ya ce ta riƙe ni kafin a sake karɓar dosiye.

Na je da girman kaina, ina jin ni rabin likita ne. Ta miƙo mini tsintsiya.

Allura kuwa ko taɓawa ban yi ba duk shekarar. Aikina auna damtsen yara masu tamowa, ɗora su a sikeli, da raba wa iyaye mata ledojin kwaɓin gyaɗar nan da ake ba yaran. In ta ga na kumbura baki sai ta ce, "Musa Bak, ka ci abinci?" Ta turo mini kwanon dambunta, ta ce ita ta ƙoshi. Daga baya na gane ba ta ci ba.

Akwai wata yarinya, Zali, da uwarta ke kawowa daga Safo a amalanken jaki. Sati uku ana ba su ledoji, uwar tana maido su babu komai a ciki kamar yadda aka ce, amma yarinyar sai ƙara ramewa take. Ta kai ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi, mutuwa kawai ake jira.

Ni da kaifin basirata na yanke hukunci cewa matar sayarwa take. Na faɗa mata haka a gaban mata ƴan'uwanta. Ta sunkuyar da kai.

Tanti ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in kawo ledojin, ta baje su a tebur.

"Diba da kyau. Mi ka gani?"

Na ce ledoji.

"An hwarke su har ƙasa, an lashe tas. Ɗiyar da ba ta iya haɗiyar kunu ita za ta yi wanga aiki? Akwai wasu bakuna gidan nan. Tashi mu tahi."

Na ɗauke ta a moto, wato babur, muka je Safo. Yara huɗu muka tarar, yayyen Zali, lokacin kuma damina ta yi nisa, rumbu ya kusa ƙarewa. Uwar ta ce, "Tanti, ɗiyana na duka. Ƙaƙa zan ba guda, huɗu na kallon bakinta?"

Kunya ta hana ni ɗaga ido.

Tanti ta ɗaura zane ta zauna bakin murhu. Ta nuna mata yadda za ta dama kunun gero da garin wake da ƙuli, ta fara ba manyan su ƙoshi, sannan ta ɗauki Zali ta ba ta nata kwaɓin na leda. Ta tara yaran ta ce musu wannan maganin ƙanwarku ne, babban cikinsu kuma ta naɗa shi mai gadin leda. Waken ma daga gonarta ta riƙa aikawa.

A hanyar komawa ta ce mini, "Gobe ka ba ta haƙuri gaban matan da ka kunyata ta." Na yi.

Bayan sati biyu sikeli ya fara motsi. A watan nan na sake haɗa dosiyena, wannan karon na san abin da nake nema.

Yanzu ina aji biyar. Na ga manyan malamai, na ga na'urori, amma ban sake ganin wanda ya karanta ledar banza ya ceci rai ba. Wallahi abin yana ba ni mamaki har yau.

Ganinmu na ƙarshe da sallar layya ne. Ta rame sosai, tana zaune a tabarma. Na fara tambayarta magungunan da take sha, ta yi dariya ta ce, "To likita, ka gaishe ni tukuna." Da zan tafi ta ce in na ga wani da sunansa bai fito ba, in turo mata shi, tsintsiya na nan.

Ƙannena da ba ku samu wuri bana ba, kar ku zauna gida kuna cizon yatsa. Ku je asibitin da ya fi kusa da ku, ko shara ce ku yi, ku buɗe ido.

Ina Yamai, ba zan samu jana'iza ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Ƙanena ya ce tun hantsi matan Safo da Gabi suka cika ƙofar gidanta, kusan kowace da yaro a hannu. Ya ce uwar Zali na cikinsu, ta zo da yarinyar, da allon lakwal ɗinta, na makarantar boko, a rataye.

Allah ya jiƙan Tanti Mariama, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta, ya ciyar da ita yadda ta ciyar da ƴaƴan mutane. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'arsa yau.