Kiran da Ban Amsa Ba

Ranar Laraba ce, kwana biyu bayan Babbar Sallah, a shekarar da nake aji huɗu na firamare. Tun hantsi bai dubi ludayi ba motar Kawu Bala ta tsaya ƙofar gidanmu a Rabah, tana tari tana warin albasa, don akori-kura ce da yake jigilar buhuna zuwa kasuwa. Ya zo ɗaukar Inna, ƙanwarsa, ta kai wa iyayensu naman sallah a wani ƙauye kusa da Goronyo. Mu yara kuma ya yi mana alkawari biyu: zai nuna mana madatsar ruwa, zai kuma gasa mana tsire a bakinta. Ƙannena, Sani da Hajo, sai tsalle suke kamar 'yan awaki. Ni kuwa ina tsaye a zaure rungume da kwanon yaji, ina ta tunanin abin da Kaka, uwar babanmu, ta raɗa mini tana ɗaura mini kallabi.

“Ki ji ni da kyau,” in ji ta. “Babban ruwa yana da masu shi. In kin ji an kira sunanki bakin gulbi, ko da muryar wa, kada ki amsa, kada ki waiga. 'Yan ruwa na, aron murya su kai. Duk wanda ya amsa, sun tahi da shi.”

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Kunyar ɗan fari ke nan, ita kuma ta riƙe ta da hannu biyu. In za a yi surfe, sai ta ce, “Ke.” In ina waje ina carafke da ƙawaye, sai ta aiko Sani, “Ce ma waccan ruwa ya ƙare randa.” Akwai wata maƙwabciyarmu mai sayar da ƙuli-ƙuli, sunanmu ɗaya, Saratu, ita ma Inna ba ta kiran ta sai “mai sunan waccan”. Sani da Hajo kuwa wuni ake ana rangaɗa musu suna, ana ɗora su a cinya. Ni nawa sunan a bakin Kaka nake jin sa, sai ko bakin malami in yana kiran rajista. Manya sun san wannan ba ƙiyayya ba ce, amma wa ya zaunar da ni ya gaya mini? Gaskiya abin yana ci mini rai, har na yanke a zuciyata cewa matar nan ba ta so na. Shi ya sa kowane aiki nake yin sa fiye da yadda aka ce, ko Allah zai sa wata rana ta yaba.

Aka shimfiɗa mana tabarma a bayan mota, muka kama hanya. Rani ne, gonakin tudu sun zama fili fetal, sai kututturan gero. Da muka biya ta Wurno Kawu ya tsaya kusa da hubbare, kabarin wani Sarkin Musulmi na da, manya suka yi addu'a, ya sai mana rake. Daga nan fadama ta fara bayyana, shar da ita, mutane sun duƙa cikin albasa da shinkafa, injinan ban ruwa suna ta ƙara. Kowa na nuna wani abu da yatsa, ni kuwa duk gadar da muka hau sai na runtse ido. Sani ya gane halin da nake ciki, ya dinga maƙe murya yana cewa “Saraaatu” a bayan kunnena. Ya sha rankwashi har ya gode wa Allah.

Bayan mun sauke nama gidan kakanni, an sha fura, an yi azahar, sai Kawu ya cika alkawari. Ban taɓa sanin ruwa na yin yawa haka ba. Ka duba har idonka ya gaji, ba ka ga ɗaya gaɓar ba, sai masunta can nesa a kwalekwale kamar ƙudaje a faifai. 'Yan yawon sallah sun cika wurin. Kawu ya gangara da mu ƙasan madatsar, inda gulbi ke fitowa daga ƙofofi da rugugi, ya sami inuwar wani gawo. Ya tara yashi ya yi tukuba, wato ɗan tudun da ake kafa tsinkayen tsire a kewayen wuta. Ya yanyanka cinyar rago falle-falle, Inna tana tsirewa, tana birkiɗa su cikin dakakken ƙuli da yajin da na rungumo, mai citta da masoro da kanumfari. Wani tsohon masunci ya zo ya ba mu tarwaɗa biyu goron sallah, ya kuma ja kunnen manya cewa yau za a ƙara sakin ruwa saboda masu noman rani, kada a bar yara su haye tsibirin yashi. Wannan gargaɗin ni ban ji shi ba, don an aike ni tsintar ƙirare.

Tsiren ya yi daɗin da har yau ban ci irinsa ba, kitse na ɗiga cikin wuta, Kawu na shafa man gyaɗa yana waƙe-waƙensa. Tsinke ɗaya na iya ci, ido na kan ruwa. Da aka gama Inna ta turo mini kwanoni, ba ta ko dube ni ba. “Ke, ɗauraye su nan baki-baki.” Na je bakin, na tarar shanu sun dama wurin, duk taɓo. A gaba kaɗan akwai tsibirin yashi fari tas, ruwan da ya raba shi da gaɓa bai wuce idon sawu ba. Tsoro biyu suka haɗu mini, na 'yan ruwa da na Inna ta ga maiƙo a kwano. Na biyun ya fi ƙarfi. Na ja Ƙulhuwallahu na tsallaka, na je can ƙarshen tsibirin, na tsuguna na ba mutane baya, na shiga dirzar kwano da yashi.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai ji rugugin ƙofofin ya ƙaru, na ji hayaniya daga gaɓa, ana “ke, ke”, amma ranar sallah wace yarinya ce ba “ke” ba? Sai wata murya ta keto ta saman komai.

“Saratu!”

Muryar Inna ce, sak. Na ce shi ke nan, ga abin da Kaka ta faɗa, kuma sun yi wauta, don sun ari muryar da ba ta taɓa ɗaukar sunan nan ba. Aka sake kira, aka kuma sakewa, na ukun har muryar ta tsage. Na runtse ido, na toshe kunnuwa da yatsu, ina karanta duk abin da na iya daga allo. Ruwa ya taɓa dugadugaina, ya haura ƙwaurina, na ji murfin kwano ya goge ni ya wuce. Duk da haka ban waiwaya ba. Ina kuka ina cewa a zuci, wallahi ba zan amsa ba.

Da na ji hannu ya damƙi kafaɗata, sai na gantsara masa cizo iya ƙarfina. Hannun bai sake ni ba. Na buɗe ido, sai ga Inna, ba mayafi, ba ɗankwali, jiƙe sharkaf har ƙirji. Ɗan ruwan da na tsallaka ya zama gulbi, ita kuwa ko a tafki ba ta taɓa iyo ba. Tsohon masuncin nan ne ya iso da kwalekwale ya kwashe mu, Kawu na biye da shi yana salati.

A gaɓa ta ɗaka mini duka ɗaya a baya, sannan ta riƙe ni gam.

“Mi ya hana ki amsawa?”

“Kaka ta ce 'yan ruwa na aron murya,” na ce ina shessheƙa. “Kuma ke ba ki taɓa kira na ba, Inna.”

Kawu ya so ya mai da abin wasa, ya ce yau dai kunya ta bi ruwa tare da murfin kwano, amma ba wanda ya yi dariya. Inna ta kau da kai ta daɗe tana matse bakin zanenta. A hanyar komawa ta baro gaban mota ta zauna tare da mu a baya, ta kwantar da kaina a cinyarta, ta ciro tsinken tsire biyu da ta naɗe a takarda ta miƙo mini. Na ci su a sanyaye, ina kallon shatin haƙorana a hannunta. Washegari da safe na ji ana taɓa ƙafata: “Ke, tashi ki share tsakar gida.”

Yanzu ba mai kwasar yara a bayan akori-kura don ya je gasa nama a bakin ruwa. Hanyoyin namu sun zama abin da ake shiga da addu'a saboda 'yan bindiga, ƙauyen kakannina ma rabinsa ya tashi. Kaka ta riga mu gidan gaskiya tun ina budurwa, Inna ta bi ta shekarun baya, da ɗan tabonta da take ce wa cizon ɓera in jikoki sun tambaya. Tawa 'yar farin kuwa kiran sunanta nake safe da yamma, har dattijan unguwa na cewa ba ni da ta ido, ni ko a jikina. Amma duk sallah, in ƙamshin tsire ya shigo gida, sai in tsinci kaina na kasa kunne. Sau uku Inna ta kira ni duk tsawon rayuwarta, ni kuwa ban amsa ko ɗaya ba.