Malam Dakata da Wayarsa Kaka

Kowace safiya, kafin ya kunna kwamfuta, Malam Dakata sai ya fara gaida Kaka. Kaka ba mutum ba ce, wata tsohuwar waya ce mai tsagaggen gilashi, an ɗaure bayanta da roba don kada batirin ya faɗo. Yakan jona ta a caji, ya goge mata fuska da gefen riga, ya zauna jiran ta farka. Farkawarta kuwa ba ta gaggawa ba ce, sai ya shanye shayinsa ya wanke kofi ba ta buɗe ido ba. Matarsa takan leƙo ta ce, "Maigida, da haka kake lallaɓa ƙofar bayi da tuni ta daina ƙara."

Shekaru da dama shi ke riƙe da wata manhaja ta kyauta, wadda ƙananan asibitoci ke ɗorawa a shafinsu na intanet don marar lafiya ya kama layin ganin likita daga gida. Cikin manhajar a buɗe yake, kowa na iya dubawa ya gyara ya aiko, amma gyara ba ya shiga sai Malam ya amince. Sunansa na Dakata ma daga amsarsa ya samo asali. Duk wanda ya aiko da aiki, abin da zai gani shi ne, "An gode ƙwarai. Dakata in nuna wa Kaka."

Daga nan sai ya ɗauki Kaka ya tafi lungun bayan kabad, inda sabis ke da rowa, ya buɗe shafin. In ya buɗe, aikinka ya wuce. In bai buɗe ba, ko kai ne ka haifi kwamfuta sai ka sake. Wayar ta yayarsa ce a da, kuma ya san irinta ce a hannun yawancin masu neman layin nan. Yakan ce mai zazzaɓi ba zai tsaya sayen sabuwar waya ba kafin ya ga likita.

Kai ne, Malam, wanda wani sabon shiga ya goge maka rabin aiki bisa kuskure, ka fara da yi masa godiya, sannan ka nuna masa yadda ake dawo da abin da ya ɓace. Kai ne wanda wani ya zazzaga maka masifa a kan manhajar da ya ɗauka kyauta, ka amsa masa da, "Gaskiyarka, ta lalace. Shigo mu gyara tare." Mutumin ya shigo don ya ƙarasa faɗa, yau shi ke rubuta bayanin yadda ake amfani da ita.

Amma ba wanda ya sha fama da Kaka kamar wata matashiya mai tsara shafi, wadda abokan aiki ke kira 'Yar Kwalliya. Aikinta na farko hotuna ne masu shawagi da maɓalli mai rausaya in an taɓa shi. Kaka ta kalla, ta ɗau zafi, ta ɗauke wuta. Malam ya rubuta mata, "Aikinki ya yi kyau, sai dai Kaka ta suma."

"Baba," ta amsa, "don Allah a kai Kaka gidan tarihi ta huta, mu ma mu huta."

Wata da watanni suna ja. Bai kore ta ba, ita ma ba ta yi zuciya ba. Tare suka riƙa rage nauyin shafin, hoto bayan hoto, har maɓallin ya nutsu. A faɗi gaskiya kuma, kafin zuwanta shafin Malam kamar takardar sammaci yake. Ita ta ƙara girman rubutu, ta zaɓi launin da tsofaffi ke gani, shi da kansa ya yarda ta fi shi ido.

Bana likita ya ce idanunsa sun gaji da hasken kwamfuta, dole ya ajiye aikin. Ajiyewar ba ta dame shi ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne, in ya tafi shafin zai yi ƙiba, ya rufe ƙofa ga masu tsofaffin wayoyi, kuma ba za su san wa za su kai wa kuka ba.

Ranar miƙa aiki, abokan aikin manhajar suka cika falonsa. Ya damƙa ragamar ga 'Yar Kwalliya, sannan ya ɗauko Kaka da hannu biyu don ya haɗa mata. Ya danna, shiru. Ya cire roba, ya hura batir, ya mayar, ya sake dannawa. Kaka ta zaɓi ranar ta cika. Tausayinsa ya kama kowa, don a fili ake ganin hankalinsa ya tashi.

Sai 'Yar Kwalliya ta buɗe jakarta ta fiddo wata waya wadda in aka jera su, Kaka yarinya ce. "Ta gwaggona ce, Baba," ta ce. "Tun bara nake gwada komai a kanta kafin in aiko maka. Na gaji da kunyar da Kaka ke ba ni."

Malam ya karɓa, ya nufi bayan kabad, aka bi shi da ido. An daɗe ana jira kafin muryarsa ta fito: "Ya buɗe. Kai, amma wannan ta fi Kaka nawa da jan ƙafa."

Mun gode, Malam Dakata, mai tsaron ƙofar marasa galihu. Allah ya ƙara wa ido lafiya, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu gina shafuka, ku nemi tsohuwar waya ku ajiye kusa, ku gode wa sabon shiga kafin ku gyara masa.

A makon nan wani ya aiko da gyara mai tauraro yana juyawa. Matar Malam ce ta karanto masa amsar da 'Yar Kwalliya ta bai wa mutumin, shi kuwa ya ce ta sake karantawa: "An gode ƙwarai. Dakata in nuna wa Gwaggo."