Wata Uku Ban Taka Ƙasa Ba

Ciwon ya fara mini a matsematsin dama, shekarun da nike noman albasa a fadamar Madawa. Na ɗauka gajiyar ban ruwa ce. Akwai ƙananan ƙwayoyi da masu tebur ke saidawa, in ka sha biyu da safe sai jiki ya saki. Na daɗe ina shan su. Sannu a hankali zaman tahiya cikin salla ya gagare ni, ko jaki sai an kama ni nike hawa.

Wana ne ya kai ni asibiti a Tawa. Anka yi radiyo, wato hoton ƙashi, lokotoro ya ɗaga hoton wajen taga ya nuna mana.

"Kan ƙashin cinyarka ba ya samun jini, ya fara mutuwa. Ƙwayoyin nan na jawo haka. Amma bai lotsa ba tukuna."

Wana ya ce, "Yanke ƙafar za a yi?"

"A'a. Huda ƙashin za mu yi, jini shi samu hanya. Namu aikin kaɗan ne. Nashi ne babba: wata uku ba ya taka ƙasa da ita."

Bayan aikin munka koma gida Garhanga da sanduna biyu. Ruwan shuka ya sauka ina zaune. Matata da wana sunka shuka gonata, ni ina bisa tabarma ina jin ƙamshin ƙasa. Masu gaisuwa sunka yi ta zuwa har sunka gaji, ni ma na gaji da amsawa.

Wata rana akuya ta sa kai a ƙwaryar iri. Na miƙe ba sanda, na yi taku biyu. Matata ta aje tulu, ba ta ɗaga murya ba.

"Maigida, ni kam na gaji. In ƙashin ga ya lotsa, wa ka ɗaukar ka?"

Na koma na zauna. Ban ƙara ba.

Da munka koma bayan kaka, lokotoro ya ce ƙashin ya tsaya inda yake, ƙila ya kai ni shekaru, bai yi alkawari ba. Na bar albasa, buhu ya fi ƙarfina. Yanzu awaki nike kiwo kusa da gida. Ina ɗingishi, da yamma ƙugun na yi mini tsami, sai in jiƙa tsumma da ruwan ɗumi in ɗora.