Mai Jingina

A gidanmu na ƙauye, can bayan duwatsun Roni, tatsuniya tana da lokacinta kamar yadda shuka take da nata. Iya ce take yi mana, mahaifiyar babanmu, doguwar tsohuwa mai jinin Fulani wadda faya-fayan da take saƙawa suka yi suna har kasuwar Gwiwa. Akwai watannin da za mu same ta a rumfar girki da zarar an kwashe tuwo, ta tura itace cikin murhu, ta jera mana masara a gefen garwashi, bakinta ba ya hutawa. Akwai kuma watannin da take sakin asabarin ɗakinta, ta kwanta ta juya fuska ga bango. Goggo Talatu, ƙanwar babanmu, ita take kai mata abinci, ta dawo da shi kamar yadda ta kai. Idan muka tambaya, sai a ce, "Iya tana hutawa. Ku rage surutu."

Ba zazzaɓi take yi ba, ba ta tari, ba ta nishi. Mun sha leƙawa ta gefen asabari mu ga idonta a buɗe, tana kallon bango kamar an rubuta mata wani abu a jiki.

Shekarar da na cika tara, ta yi kwanciyar da ta fi kowacce tsawo, tun daga bazara har gero ya fara fitar da kai. Ran nan da magariba, ana yayyafi, sai ga ta ta fito. Ta rame, zaninta ya yi mata yawa. Ta zauna a kujerarta ta tsugunno, ta miƙa tafin hannu ga wuta, ta daɗe tana juya shi. Mu shida muka kewaye ta, babu mai motsi.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, muryarta a dushe. "Ku matsa mata."

Muka ce, "Ta shigo, Iya, akwai wuri."

Ta ce a wani gari da ke gindin dutse an yi wata mata, Kande, mai zanen ƙwarya. Zanenta daidai yake da na kowa, tana samun na gishiri da daddawa. Wata rana da hantsi ta je rijiya, ta zura guga, ta ji ya yi nauyi kamar ta kamo dutse. Ta ja, ta ja, ya fito, babu komai a ciki sai ruwa. Amma da ta ɗauki tulu ta juya gida, sai ta ji wani abu mai sanyi, jiƙaƙƙe, ya jingina da bayanta. Ta waiwaya, ba kowa. Ta dubi ƙasa, sai ta ga inuwa biyu.

"Ba ta cizo," in ji Iya. "Ba ta duka, ba ta shan jini. Jingina kawai take yi. Shi ya sa ake ce mata Mai Jingina."

Tun daga ranar tuwo ya koma wa Kande kamar yashi. Ɗanta ya yi dariya, ta kasa mayar masa. Ta ɗauki ƙarfen zane, hannu ya ƙi ɗaguwa. Haka ta yi wata huɗu. Rannan ta farka ta ji bayanta sakayau. Ta hura wuta, ta sa ƙarfe ya yi ja, ta jawo ƙwarya, ta zana abin da ba a taɓa gani ba: da'ira cikin da'ira, suna ta ƙanƙancewa, a can tsakiya ɗan ɗigon haske, kamar yadda sama take ga wanda yake ƙasan rijiya. Duk wanda ya kalla sai tsigar jikinsa ta tashi, amma ba ya iya ajiyewa. Mata suka riƙa zuwa daga nesa. Mutanen gari suka ce ai baƙuwar nan ce ta koya mata, Kande ma ta yarda.

Shekara ta zagayo, zanen ya fara zama jiki, masu zuwa suka ragu. Sai Kande ta tafi rijiyar da ƙafarta, ta leƙa, ta yi kira. "Ki dawo ki ƙara mini."

Masarar da ke gabana ta ƙone, ban juya ta ba.

Iya ta ce ruwan ya motsa, wani abu ya hau, ya tsaya a gaban Kande, karo na farko fuska da fuska. Mace ce, ruwa yana ɗiga daga gashinta. Ta ce, "Me zan ƙara miki? Dube ni da kyau." Kande ta duba. Daga kafaɗa zuwa ƙasa, babu hannu ko ɗaya. "Ni ban taɓa riƙe ƙarfe ba. Ranar da na sauka kika yi zanenki, da hannunki. Wata huɗu na ci miki, da kin yi ƙwarya ɗari. Amma tunda kin kira ni, na zo." Ta zagaya baya, ta jingina.

Na ce, "Iya, sai ta sake sauka?"

"Wadda ta zo da kanta tana tafiya, Safiya. Wadda aka kira, ban san ranar tafiyarta ba." Ta gyara itace. "Nan ta tsaya, nan na sauke ta. Ku tashi ku wanke hannu."

Na fi wata ban yarda na je rijiya ni kaɗai ba. Ko a tsakar gida nake tafiya, sai na saci kallon inuwata na ƙirga.

Iya ta rasu ina makarantar sakandare. Na yi aure a Kazaure, na kama sana'ar lalle, ina yi wa amare da 'yan biki. Bayan haihuwata ta biyu abin ya same ni. Ban ga inuwa ba, ban ji sanyi a baya ba. Kawai dai sai na zauna da jaririya a cinya ina kallonta kamar 'yar maƙwabta. Wanka ya zama aiki. Waya ta yi ta ƙara, amare suna nema, ina ji ba na ɗauka. Nakan kwanta ina jin da ma a wayi gari babu ni, kowa ya huta. An yi mini addu'o'i, an yi hayaƙi. Daga baya maigidana ya sa ni a adaidaita ya kai ni asibiti, likita ta saurare ni, ta ce ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma ba ni kaɗai ba ce.

Da na fara samun sauƙi, zane ya zo mini kamar an ɓalle famfo. Na daina kwaikwayon na cikin waya. Na riƙa yin wasu layuka masu nutsewa cikin juna, da ban san inda na samo su ba. Wata uwar amarya ta riƙe hannun 'yarta tana juyawa, ta ce, "Wallahi Safiya, ciwon nan alheri ya zame miki. Da can ba ki kai haka ba."

Da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma maganar ta zauna mini. Na fara tunanin ƙwayoyin da likita ta ba ni za su daskarar da ni, su rufe ƙofar da zanen yake fitowa. Na daina sha, ban gaya wa kowa ba. Na riƙa tura su ƙarƙashin katifa.

Sati uku da haka Goggo Talatu ta zo duba ni. Ta tsufa, amma idonta bai tsufa ba. Ta same ni zaune da rana tsaka, labule a sake, kwanon abinci a rufe. Ta ɗaga katifa za ta gyara shimfiɗa, ta gani. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin gado.

Na ce, "Goggo, ai Iya ma haka take. In ta tashi daga kwanciya ne take kawo sabuwar saƙa da sabuwar tatsuniya."

"Ke kin ga tashin," in ji ta. "Ni na ga kwanciyar. Ko zare ɗaya ba ta taɓa saƙawa a cikin kwanciyar ba. Sau biyu ina kamo ta a bakin rijiya da tsakar rana, babu guga a hannunta. Da a lokacin akwai abin da aka ba ki, da na sayar da 'yan kunnena na saya mata."

Na tambaye ta inda Iya ta ji labarin Kande.

"Wa zai gaya mata? Ni ma a ranar na fara jin sa, ina bayan rumfa ina wanke tukunya. Na ajiye tukunyar na yi kuka."

Sai a lokacin na gane cewa ba tsorata mu Iya ta yi niyya ba. Tana gaya wa yara shida abin da manya suka hana a faɗa, ta hanyar da ta iya. Gaskiya ne wanda ya shiga duhun nan yakan fito da abin da ya gani, kuma yana iya zuba shi a faifai ko a tafin amarya. Amma duhun ba ya yi wa kowa aiki. Kwanaki kawai yake ci, wani lokaci har da mai su. Ni kuwa, da ilimina da likitata, na tashi zan je in yi masa kira.

Goggo ta ɗebo ruwa a kofi, ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta sa mini a hannu. Ta tsaya a kaina har na haɗiye. Sannan ta ɗaga labule, ta ɗauko jaririyar ta goya, ta ce in tashi in sa mayafi, gobe ba ta yi mata ba, yau za mu koma wurin likita.