Ƙarfen da Baba Attahiru Ke Kira Munafuki

Baba Attahiru mutumin Kucheri ne, amma ya fi shekara talatin a Damba yana narka alminiyam yana zuba tukwane. Ni nakan kai masa tsofaffin ƙarafa a bayan babur, in ban sami wata shiriritar ba. A aji huɗu na sakandare na tsaya, karatun ya gaji da ni kafin in gaji da shi.

Idonsa na hagu fari ne fat. Yana sabon shiga sana'ar ya jefa wani guntun ƙarfe a tukunyar narki, sai ta kama da wata farar wuta. Ya watsa ruwa, ta ƙara haukacewa, ta fantsamo masa a fuska. Ranar ya san akwai ƙarfen da ke kama da alminiyam sak, alhali ba shi ba ne. Malamin kimiyyarmu magnesiyam yake ce masa. Baba kuwa munafuki yake kiransa: ka kankare shi ya yi ƙyalli, iska na taɓa shi ya sake yafa rigarsa mai ruwan toka, ya shige cikin sauran ya yi lamo.

Bara idon dama ma ya fara hazo. Ɗansa Lawwali, wanda maƙerar ke hannunsa yanzu, ya ce zai mai da shi Kucheri ya huta. Baba bai yi musu ba, sai dai tuwonsa ya riƙa komawa cikin gida ba a taɓa ba.

Saura kwana uku tafiyar na kawo buhu, ciki har da murfin injin yankan itace.

"Baba, ga tsaraba," na ce. "Wanga ko makaho ya san alminiyam ne."

Bakina ya riga hankalina. Lawwali ya harare ni.

"To miƙo ma makahon," in ji Baba.

Ya juya shi a hannu, ya kankare gefe da wuƙa, ya ciro lemun tsami daga aljihu ya matsa a wurin. Sai ya kara shi a kunne.

"Waya kake bugawa, Baba? Gaishe min da su."

"Yi shiru, ɗan nema. Shina magana."

Ya kara min. Wallahi tsuwa yake yi, siii, kamar an buɗe lemun kwalba. Baba ya ce alminiyam na gaske ko uffan ba ya cewa.

"Haba Baba, wuta ta yi, murfin muke jira mu jefa tukunya," in ji Lawwali.

Baba ya shafto ɗan siriri kamar farce daga jikin murfin ya ba shi. "Jefa ga garwashi, can nesa. Kau da fuska."

Lawwali ya jefa, bai kau da fuskar ba. Hasken da ya tashi, sai da muka daɗe muna ganin baƙi-baƙi. Lawwali ya dubi murfin, ya dubi tukunyar da ma'aikatansa biyu ke tsaye a kanta.

"Baba, tun yaushe kake ji da kunne?"

"Tun da ido ya aje aiki. Ba ka tambaya ba."

Lawwali da kansa ya jawo wa Baba benci gindin dalbejiya, ya ce kowane buhu nan zai fara sauka. Baba bai koma bakin wuta ba, amma yana nan Damba. In ka wuce da hantsi za ka ga Lawwali tsugune gefensa da ƙarfe a kunne, yana rantsuwa shi ba abin da yake ji sai janaretan maƙwabta.